Gugan Ruwan da Na Shayar da Mota

Da asubar Talata muka tashi daga Gure, ana sallame salla muna hawa mota. Tun da na dawo kun hana ni sakat da tambaya, wai yaya cikinta yake, wai da gaske ne wuta take ci. To ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin tun daga tushe, har da wurin da ba ni jin daɗin faɗa.

Mu uku ne. Akwai shofer, mutumin Damagaram, wanda ya koyi tuƙi a soja. Akwai malamin allura, wanda likitan dabbobi ya turo da akwati biyu na maganin bushiya, annobar nan ta shanu. Sai ni, jagora. Ban san komai a kan mota ba, amma shekara ashirin ke nan ina bin hanyar Bune da raƙumi, na san tudun da ke ɗaukar nauyi da wanda ke haɗiye ƙafa.

Ba don hanya kaɗai aka ɗauke ni ba. Kun san bushiya ta faɗa wa shanu a kudu tun bayan kaka, makiyaya kuwa da sun ji an ce allurar Nasara sai su kora dabbobinsu daji. Ni aka aika kwana goma kafin wannan tafiya, na bi ruga ruga, na dafa ƙirji na ce su tara shanunsu a babbar rijiyar Bune, ran Laraba da hantsi magani zai iso. Wanda ya fara ba ni hannu wani dattijon Bafillace ne, tsohon abokin cinikina, mai yi wa shanunsa shaidar wuta irin sawun kaza a cinyar hagu. Shi ya ce mini, "Ka san abin da kake roƙo kuwa? In masu lafiya da masu ciwo suka sha rijiya ɗaya, maganin bai zo ba, kai ka kashe su." Na ce na sani. Da wannan nauyin na hau.

Motar kamiyo ce, babba ta ɗaukar kaya, koriya, ta gidan kumandan. Shofer ya zura mata wani lanƙwasasshen ƙarfe a hanci ya murza, sai ta yi tari, ta girgiza, ta kama gurnani. Jama'a, ban ɓoye muku ba, na karanta duk abin da na haddace. Kafin in shafa addu'a duwatsun Gure sun koma bayanmu. Gawon da nake yada zangon farko a gindinsa da raƙumi, mun wuce shi rana ba ta gama fitowa ba. Na waiwaya ina kallonsa yana ƙanƙancewa, na ce Allah mai iko, ashe nisa ma abin da ake naɗewa ne. Mata masu itace suka watsar da kaya suka shige kaba. Wani mai takarkari ya dira ya durƙusa yana gaishe mu, san nasa kuwa ya yi gabas da buhunan gero, shi bai ma lura ba.

Alfaharin mota bai wuce hantsi ba. Muna shiga rairayi ta nuna halinta. Sau bakwai muna kafewa. Mu sauka, mu tone ƙafafun da hannu, mu shimfiɗa tabarmin kaba, mu tura, ta yi taku ashirin ta sake zama. Malamin allura, mutum mai tsabta da farar taguwa, ya koma kamar mai haƙar rijiya. Duk tsayawa sai ya ruga ya jiƙa buhunan da ya lulluɓe akwatunan da su, don ya ce maganin nan in zafi ya shige shi ya zama ruwan banza, kwana uku ne iyakarsa a irin wannan hanya. Shofer kuma sai ya jira motar ta huce, ya buɗe mata baki a goshi, ya tsiyaya ruwa kaɗan kaɗan. Na ga ruwan da yake ba ta. Jiran da yake yi ne ban gani ba.

Da la'asar sakaliya muka hau wani tudu tsirara, ba ko ciyawa, sai ga kwarin masu gishiri a ƙarƙashinmu. Na sha ganinsa, amma bai taɓa daina ba ni mamaki ba. Rairayi ta ko'ina, a tsakiya kuma ga dabino, ga goruba, ga rake da albasa kore shar, ga farar ƙasa tana ƙyalli a bakin tafki, hayaƙi yana tashi daga murahu. Mangawa ne ke zaune a wurin. Sukan kankare ƙasar, su tace ta a kwanduna, su zuba ruwan a 'yan tukwanen yumɓu da suka jera a kan dogon murhu, su yi ta ƙari da ludayi yini da kwana har ya daskare, sannan su fasa tukunyar su ciro kan mangul. Mangul ɗin da ake ja mana rai a kansa a kasuwar Gure, a nan da mudun gero ake musayarsa, har a ɗora maka dabino gyara.

Shofer ya ce mota ba ta ƙara hawa tudu yau. Ya ɗage murafen moter, wato injin, duka biyu don ta sha iska, shi da malamin allura suka tafi gaida mai gari. Aka bar ni ni da ita. Na leƙa. Zafi yana tashi daga ƙarfen har iska tana rawa, wani bututu a gefenta ya yi ja-ja. Wallahi tausayi ne ya kama ni. Baiwar Allah ta ɗauke mu yini guda ba ta yi ƙorafi ba. Ni kuwa mutum ne da ba na cin abinci sai dabbata ta sha. Ga rijiya nan kusa, ruwanta kamu biyu, sanyi ƙalau. Na ja guga cike, na kwara mata a kan jan bututun nan. Ta yi wani ƙara, tas! Tururi ya turnuƙe ni. Na ce, "Sha abinki, kin yi aiki." Na mayar da guga ina jin na yi abin kirki.

Aka kawo mana burabusko da miyar kuka, aka bi da rake. Ruwan kwarin yana da ɗan kanwa, malamin allura ya sha yana yamutsa fuska. Muka kwanta da wuri, don daga nan zuwa Bune bai fi tafiyar hantsi ba.

Sanyin kwari da asuba ba irin na tudu ba ne, har cikin haƙori yake shiga. Muka yi salla, shofer ya murza ƙarfensa, mota ta tashi. Sai ga wani sabon sauti a cikin gurnaninta: tak, tak, tak, tak, siriri, a jere. Shofer ya yi tsalle ya kashe ta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya ce ya san wannan kukan. A Damagaram wata kamiyo ta yi shi, mai tuƙinta ya ƙi tsayawa, ƙarfe ya ɓalle a ciki ya huda moter ya fito waje, mutumin ya ƙare a gidan kaso. Ya ce ba ya ƙara tayar da ita sai makanike ya zo daga Damagaram. Malamin allura ya ce kwana nawa ke nan? Shofer ya ce da aike da zuwa, takwas. Muka nemi raƙumi, aka ce duk sun tafi da gishiri. Jakai ne kaɗai, su kuwa sai sun yini biyu a rana da akwatunan.

A nan ne wurin da na ce ba ni jin daɗin faɗa. Tun da na ji tak ɗin farko, tas ɗin jiya ya faɗo mini a rai. Shofer ya zagaya motar yana cewa, "Lafiya lau na kashe ta jiya. Me ya same ta a tsaye?" Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ni babba, jagora, a ce na yi aikin da ko bawa ba ya yi? Na ce wa kaina ai ruwa ba ya ɓata ƙarfe. Na koma gindin dabino na zauna, ina kallon rana tana hawa, ina lissafin shanun da ke tsaye a bakin rijiya a kan maganata. Hantsi ya yi, ya wuce.

Rana ta kusa tsaka sai ga wani tsoho ya taho daga wajen murahu, yana dogara dogon ludayinsa na ƙarin ruwan gishiri. Shi ne babban mai dafuwa na kwarin. Hayaƙin shekaru ya cinye masa ido, sai fari fari, hannuwansa duk tabon wuta. Ya ce tun asuba ya ji baƙuwarsu ta yi kuka ta yi shiru, wuta ce ta hana shi tasowa, ba a barin tukwane a tsakiyar dafuwa. Ya ce a tayar masa da ita ya ji.

Shofer ya ce, "Baba, wannan ba tukunya ba ce."

Tsoho ya ce, "Na sani, ɗana. Amma wuta take ci, ko? Abin da ke cin wuta duk ina da ɗan abin faɗa a kansa."

Malamin allura ya sa baki, har da roƙo, shofer ya yarda zai tayar da ita na ɗan lokaci. Ya murza. Tak, tak, tak. Tsohon ya laluba ya ɗora bakin sandar ludayin a jikin moter, ya danna ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya sunkuyar da kai. Ya matsar da sandar gaba, ya saurara. Ya matsar baya, ya saurara. Mutanen kwari sun kewaye mu.

Sai ya ce, "Mata huɗu ne a ciki suna lugude."

Na ga bakin shofer ya buɗe. Daga baya ya gaya mini gaskiya ne, ƙarafa huɗu ne ke hawa da sauka a cikin moter, kuma shi sai da Nasara ya kwance masa ita a gabansa ya yarda. Ga makaho da sanda ya ƙirga su daga waje.

Tsoho ya ci gaba. "Dakansu lafiya lau, ba wadda ta karya tabarya, ba wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta. Sai dai ta bayan nan, duk sanda ta sauke sai ta yi tsaki. Wannan ba ƙarfe ke bugun ƙarfe ba. Numfashi ne ke fita ta inda ba ƙofa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan guntun auduga, ya soka a tsinke, ya miƙa wa shofer. "Kai mai ido, bi maƙogwaronta da wannan, a hankali."

Shofer ya bi bututun hayaƙin da audugar, tun daga gaba. Shiru. Shiru. Yana kaiwa kusa da baya sai audugar ta kama rawa, tana tsalle daidai da kowane tak. Muka sunkuya. Ga tsaga nan siririya kamar gashi, da ɗan layin baƙin hayaƙi a gefenta. Daidai inda na kwara ruwana.

Shofer ya kai hannu zai kashe ta, tsohon ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Bar ta ta yi zafi. A murhuna, tukunyar da ta tsage takan yi ta tsartuwa da safe, in wuta ta ratsa ta sai bakin tsagar ya haɗe ta yi shiru. Wadda ta fashe daga gindi kuwa, ƙara wuta ƙara kuka. In kukan nan ya ƙaru, kashe ta ka ce tsoho ya yi ƙarya."

Ku tuna wuyan shofer ne a kan wannan magana, ba na tsoho ba. Ya tsaya, yatsunsa a kan makashin, gumi yana bin gemunsa. Muna ji. Tak, tak, tak. Sai ya zama tik, tik. Sai ya koma kamar ana taɓa ƙwarya da farce daga nesa. Kafin a dama fura a sha, babu shi, sai gurnaninta na jiya, sumul. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ni dai ina ta faɗin Allahu akbar ban san ina faɗa ba. Nasara sun ƙera abin nan a bayan teku, sun haye da shi ruwa da sahara, ga shi ya zo kwarin da ba a san sunansa ba ya tarar da wanda ke jin harshensa.

Tsohon bai gama ba. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfe irin wannan da yumɓu halinsu ɗaya, ba su tsagewa don zafi, sai in an ba su sanyi da zafinsu. Wa ya shayar da ita jiya?"

Ba wanda ya gan ni. Amma idon nan nasa fari yana kallon wajena, ko kuwa ni na ga haka. Na ce, "Ni ne, Baba. Guga ɗaya."

Mutane suka fashe da dariya. Shofer bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, zuba ruwan rashin sani ne, ba ni riƙe ka da shi. Da ka faɗa tun asuba, nan zan fara dubawa, da yanzu muna Bune. Shirun fa?" Sai ya ce in hau.

Muka kama hanya. Sau biyu kawai muka kafe. La'asar ta yi muka hango ƙahoni. Ban taɓa ganin shanu da yawa haka a wuri ɗaya ba, ja da fari, daga bakin rijiya har gindin tudu, kukansu ya danne na mota. Makiyayan suka taso, wasu da murna, wasu da harara. Malamin allura bai ko sha ruwa ba ya buɗe akwati, ya duba kwalaben, ya ce alhamdu lillahi maganin yana nan da ransa. Yini biyu muna kayarwa ana sokawa. Ni ne mai riƙe ƙaho, har yau kafaɗata ba ta dawo daidai ba. Matan ruga suka yi ta kawo mana nono da man shanu, ko tamma ba su karɓa.

Tun saukarmu nake neman shanu masu sawun kaza a cinya. Babu. Na tambaya, aka ce dattijon shi ya riga kowa zuwa, kwana uku yana jira. Ran Laraba ya tsaya har rana ta raba tsaka, ya ga maruƙan maƙwabcinsa biyu sun faɗi a bakin kwamin shan ruwa, ya ce mutumin Gure ya yi masa ƙarya, ya kora garkensa gabas. Tsakaninmu da shi bai fi tsakanin azahar da la'asar ba. Na roƙi wani mai doki ya bi sawunsa. Ya kwana biyu ya dawo, sawun ya ɓace a cikin na wasu.

A komowa muka sake yada zango a kwarin. Tsohon ya sa aka bar motar ta huce sarai, ya kwaɓa yumɓun tukwanensa da gishiri da kashin jaki, ya liƙe tsagar da babban yatsa. Muka ba shi duman man shanu da makiyaya suka ba mu. Shofer, mutumin da ko gardin kumandan ba ya cire wa hula, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙe shi sandar ludayin. Tana nan yanzu a bayan kujerarsa. Tsohon ya shafa goshin motar da tafinsa, ya tambaye mu wane launi gare ta. Muka ce koriya. Ya ce, "Ashe. Na zaci baƙa ce."

Ran Asabar da yamma muka shigo Gure. Na riga shofer zuwa wurin likitan dabbobi na faɗi abin da na yi da bakina, kada tsagar ta hau kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ya yi faɗansa ta bakin tafinta, ya sallame ni. Da na ba uwargida labari a gida ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu kai, da furfurarka, ba ka san ba a zuba ruwan sanyi a tukunya mai zafi ba? Ai ko 'yar da ba ta fara ɗaura zane ba ta san wannan." Na ce to, ni sai da na je Bune.

An ce tafiya mabuɗin ilmi, na yarda. Na ga mota ta naɗe tafiyar yini kafin hantsi, na ga makaho ya leƙa cikin ƙarfe da kunne, har in mutu ba na daina mamakin waɗannan biyu. Na kuma gane tausayi in ba sani garin gyaran gira yake tsone ido. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tsagar nan ba ta hana mu tafiya ba ko na taki ɗaya. Abin da ya tsayar da mu rabin yini yana zaune a gindin dabino, ya rufe bakinsa.

Shekaranjiya, ran kasuwa, na bi ta layin masu fata. Wani baƙo daga gabas ya sauke kaya a kan jakai uku, fatun shanu ne sababbi, ba su gama bushewa ba. Na ɗaga ta sama, ga sawun kaza a cinyar hagu. Na ɗaga ta biyu, na ɗaga ta uku. Mai kayan ya ce, "Malam, saye za ka yi?" Na ce a'a, na san mai su ne.